Allurar Ƙarin Ƙarfin Maza Da Zuciyar Maigida

 Maganar da na zo miki da ita yau mai nauyin baki ce, irin wadda mu matan Hausa muka saba yi da raɗa a ƙuryar ɗaki, ko a gefen taron suna idan yara sun fita. Akwai kunya a cikinta, na sani. Sai dai abin ya taɓa lafiyar zuciyar maigida, wani lokaci ma har da ransa, don haka ki yi haƙuri ki biyo ni a hankali.

Duk wadda ta san kasuwar Talata Mafara ranar da take ci, ta san motocin nan masu lasifika a ka, waɗanda masu su ke wuni suna tallar maganin basir da sanyi da dattin mara da ƙarin ƙarfi, da kalaman da in kina tare da ɗanki sai kin rasa inda za ki sa fuskarki. Wannan tsohon yayi ne, mun tashi mun tarar da shi kamar yadda muka tarar da gagai da sauran saiwoyi. Sabon abin shi ne allura. Magidanci zai taso daga Gidan Goga ko Bakura ko Maradun da niyyar sayar da shinkafa ko albasa, aboki ya raɗa masa cewa akwai wata allura mai mayar da tsoho yaro, ya ratse kemis a ɗirka masa ita, ya hau babur ya koma gida. Babu wanda ya auna jininsa, babu wanda ya tambaye shi ciwon da yake fama da shi. Wasu kuma a waya suke cin karo da tallar, a Facebook ko WhatsApp. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba kullum maigida ke nema da kansa ba. Akwai gidajen da uwargida ce ke zare kuɗin adashinta ta bayar a sayo, musamman inda ake da abokiyar zama. Matan da ke tsayar da ni bayan an tashi daga makaranta, tambayarsu kusan iri ɗaya ce: "Malama, mi za ni yi mai? Kunya shika ji, ba shi zuwa asibiti."

Allurar da nake magana a kanta ita ce ta wani sinadari da likitoci ke kira testostiron, kuma ɗaya daga cikin sunayen da za ki iya gani a jikin kwalinta shi ne Sustanon. Jikin namiji ne ke yin wannan sinadari da kansa a cikin maraina, bisa umarnin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina tsoka da ƙashi, ya motsa sha'awa, yana kuma da hannu wajen yin jini. Tun 1935 masana a Turai suka gano shi, suka kuma iya haɗa shi da hannunsu. Idan namiji ya haura shekara 40, sinadarin kan riƙa raguwa a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, kuma wannan tafiyar shekaru ce kamar yadda furfura take.

Akwai mazan da ke da ƙarancinsa na haƙiƙa. Wani hangum ne ya kama shi bayan ya balaga ya sauka masa a maraina, wani rauni ya samu a wurin, wani mai ciwon sikila ne, wani kuma ƙari ne ya fito a ƙullutun nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ga irin waɗannan, testostiron magani ne, kuma ba ni da ja a kansa idan likita ne ya rubuta yana kuma bibiya. Sannan akwai waɗanda nasu ya sauka saboda wani dalili da za a iya gyarawa: tumbi da ƙiba, ciwon suga, rashin isasshen barci, doguwar jinya, da shan ƙwayoyi irin su tiramol da kodin. Wannan na ƙarshen ya kamata iyaye mata su riƙe shi, domin matashi na shan tiramol don ya jure aikin ƙarfi, alhali ƙwayar tana danne masa sinadarin da yake taƙama da shi. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma ɓarnar da shaye-shaye ke yi wa mazantakar samarinmu ba kasafai ake ambatonta ba.

To ta yaya ake sanin wane ne wane? Ba da ido ba dai, ba kuma da kasala ba. Mutumin da ya wuni a fadama cikin rana, ga zazzaɓin cizon sauro da bai gama sakinsa ba, ga tunanin gonarsa ta nesa da rashin tsaro ya hana shi zuwa, ga bakuna goma suna jiransa, in ya dawo ya faɗi ya yi barci ai ba abin mamaki ba ne. Ƙa'idar likitoci ita ce a ɗebi jini da safe kafin mutum ya karya, domin a lokacin ne sinadarin ya fi yawa, kuma ba a lokacin da yake kwance da ciwo ba. Sai an yi haka sau biyu a ranaku daban, duka biyun sun nuna ƙasa da ma'auni, wanda da yawa ke yanke shi a kan 300, sannan ga alamomin da suka dace, kafin a ce yana da ƙarancin. Mai kemis ba shi da abin yin wannan awo a shagonsa.

Me bincike ya nuna game da zuciya?

An yi shekaru ana ja-in-ja a kan wannan tambaya a Amurka, inda tallar maganin ta yi ƙarfi ƙwarai. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston a kan dattawa 209, waɗanda matsakaicin shekarunsu 74 ne, kuma da yawansu na da hawan jini ko suga ko ƙiba. An raba su gida biyu, aka ba wasu man shafawa mai testostiron, wasu aka ba su man da babu komai a cikinsa. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, saboda mutum 23 daga cikin masu shafa na gaskiyar sun samu matsalar da ta shafi zuciya ko jijiyoyin jini, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 5 ne kacal. Hankali ya tashi. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta umarci kamfanoni su rubuta gargaɗi a jikin maganin, ta kuma sa su yi babban bincike don a san gaskiya.

Sakamakon wannan babban bincike, mai suna TRAVERSE, ya fito a watan Yuni na 2023. An ɗauki maza 5,246 'yan shekara 45 zuwa 80, dukkansu an auna an tabbatar suna da ƙarancin sinadarin, dukkansu kuma ko suna da ciwon zuciya ko suna cikin haɗarin kamuwa da shi. Aka bi su kusan shekara 3. Waɗanda suka gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya, kashi 7 ne cikin 100 a masu amfani da maganin, kashi 7.3 kuma a waɗanda ba su samu ba. Wato dai babu bambanci. Wannan labari ne mai daɗi ga mai ƙarancin gaske, kuma a kansa ne hukumar FDA ta cire wancan gargaɗi a watan Fabrairu na 2025.

Amma ki tsaya ki ji sauran, domin nan ne mai talla ke yanke zance. A cikin binciken nan dai, idan aka ƙiyasta a kan mutum 1,000, masu maganin 35 ne zuciyarsu ta rikice tana bugawa ba bisa tsari ba, a ɗaya ɓangaren 24. Waɗanda gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu 9 ne a kan 5. Waɗanda ƙodarsu ta samu matsala kwatsam 23 ne a kan 15. A 2024 ma aka ƙara fitar da cewa karayar ƙashi ta fi yawa a masu maganin, abin da ya ba masu binciken kansu mamaki. Kuma a ranar da hukumar ta cire tsohon gargaɗin, a ranar ta sa sabo: cewa testostiron, ko na shafawa ko na allura ko na haɗiya, yana iya ɗaga hawan jini.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Mutanen can da aka yi binciken a kansu, man shafawa aka ba su daidai gwargwado, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci, in sinadarin ya yi yawa a rage, in jini ya yi kauri a dakatar. Sakamakonsu bai zama hujja ga maigidan da ba a taɓa auna shi ba, wanda wataƙila sinadarinsa lafiya lau yake, aka narka masa allura a bayan kanta, bayan sati biyu ya koma aka ƙara don ya ji daɗin ta farko. Allura kan ɗaga sinadarin sama sosai a kwanakin farko sannan ya sauko, kuma ta fi man shafawa kauraro jini.

Batun kaurin jinin nan kin san shi ta wata fuskar. Idan kin je awon ciki ana duba miki PCV, a ce jininki ya yi ƙasa, ki ci ganye ki sha maganin ƙarin jini. To testostiron akasin haka yake yi, yana sa jiki ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini har su wuce kima. Ki ɗauki injin ban ruwa da aka jefa bututunsa cikin ruwa mai laka: zai ja, amma da gurnani, kuma ba zai yi ƙarko ba. Haka zuciya take idan tana tura jini mai kauri, ga shi kuma jini mai kauri ya fi saurin daskarewa. Shi ya sa likitoci ke auna PCV kafin a fara, su sake bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara, kuma in ya haura 54 sai a tsayar da maganin. Ki haɗa wannan da zafin bazara na ƙasarmu, da mutumin da ke zufa a gona bai cika shan ruwa ba.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin manya 3 a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Mu mata ko ba komai awon ciki kan sa a ɗaura mana abin awo a hannu. Namiji fa? Akwai magidanci mai shekara 50 da bai taɓa miƙa hannu an auna shi ba tunda aka haife shi. A kan irin wannan jikin ake zuba allurar. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta hana ba da testostiron ga wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin wata 6 da suka wuce, da mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa ba a shawo kansa ba, da mai kaurin jini, da mai munsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci ba a yi masa magani ba, da mai kansar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Raunin da kike gani saƙo ne

Yanzu bari mu koma kan ainihin abin da ke kai maigida kemis. A mafi yawan maza masu matsakaicin shekaru, raunin gaba ba daga ƙarancin sinadari yake ba, daga jijiyoyin jini yake. Mu da muke zaune a yankin madatsar ruwa ta Bakolori mun fi kowa gane misalin. Idan laka da ciyawa suka fara taruwa a hanyoyin ruwa, ƙananan magudanan da ke shiga gonaki su ke fara toshewa, babbar hanyar kuwa tana nan tana gudu kamar ba abin da ya faru. Jijiyoyin da ke kai jini gaban namiji sirara ne, faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na zuciya kuwa sun kai 3 zuwa 4. Kitse da suga da hawan jini da hayaƙin taba duk jijiyoyin suke ci a lokaci guda, amma sirarar ce ke fara nunawa. Likitocin zuciya sun lura cewa raunin kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5.

Kin ga ke nan, uwargida, ke ce mutum ta farko a duniya da ke ganin wannan alama, shekaru kafin kowane likita. Idan aka rufe ta da allura ko da ƙullin magani, an yi asarar shekarun da za a iya gyara hawan jini da suga cikin sauƙi da araha. Wani abin kuma, a cikin binciken TRAVERSE ɗin nan an duba wannan ɓangare, aka ga maganin ya ƙara sha'awa, amma bai gyara raunin gaba ba. Ashe mutum na iya ɗaukar haɗarin duka, abin da ya je nema kuma bai samu ba.

Ga mai neman haihuwa, lamarin ya fi muni. Idan ƙwaƙwalwa ta ga testostiron ya cika jini daga waje, sai ta daina aika wa maraina umarni, su kuma su kwanta, su daina yin nasu, su daina yin ƙwayoyin haihuwa, har su ƙanƙance. Abin ya tabbata har ta kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, kuma a sakamakon da aka buga a 1990, kusan mutum 2 cikin 3 maniyyinsu ya wayi gari babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya cikin wata 6. Akasari yana dawowa bayan an daina, amma yana iya ɗaukar daga wata 6 har zuwa shekara 2. Yanzu ki duba gidan da amarya ta shekara biyu shiru, dangin miji sun sa ta gaba, ana ta kai ta wurin masu magani tana shan ɗaci, alhali ango ne ke karɓar allura tun kafin biki don ya fita kunya. Wa zai taɓa kawo wannan a ransa? A ganina zalunci ne a bar yarinya da wannan zargi ba tare da an tambayi mijin abin da yake sha ba.

In kuwa likita ya rubuta wa maigida na shafawa ne, ki kula da yara. Man na iya gogewa daga fatarsa zuwa taki ko ta jariri, kuma tun 2009 hukumar FDA ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka bayan an ga yara ƙanana da alamun balaga. Ya wanke hannu da sabulu, ya sa riga a kan wurin kafin ya ɗauki yaro.

Kada kuma ki ce ai naku na gargajiya ne, babu ruwanku da allura. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan kayan ƙarin ƙarfi da ake sayarwa da sunan ganye ko shayi ko kofi, waɗanda idan aka auna sai a tarar an zuba musu sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an rubuta ba, ba kuma wanda ya san yawansa. Ga mai ciwon ƙirji da ke shan magungunan buɗe jijiyar zuciya, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini warwas cikin mintuna. Akwai kuma wata ɓarna ta ɓoye: wasu magungunan hawan jini kan rage wa namiji ƙarfi, sai ya yi shiru ya daina sha bai gaya wa kowa ba. In kin ga kwalin maganinsa ya daina raguwa, ki bincika. Magungunan hawan jini iri-iri ne, likita na iya canza masa wani.

Saura yadda za ki faɗa masa, wanda shi ne mai wuyar. Namiji na iya yafe abubuwa da yawa, amma gori a kan wannan yana daɗewa a ransa, don haka kada maganar ta fito a lokacin da abin ya faru, kada ta fito cikin faɗa, kada kuma ƙawa ko 'yar uwa ta ji. Ni shawarata ki bar batun shimfiɗa gefe gaba ɗaya, ki shigo ta ƙofar lafiya. Bayan ya ci abinci hankalinsa a kwance, ki ce, "Malam, ciwon kan nan naka da yawan fitsarin dare sun dame ni, don Allah ranar kasuwa ka tsaya a auna maka jini da suga, hankalina ya kwanta." Babu namijin da zai ji an taɓa martabarsa da wannan. In akwai wa ko amini da yake jin maganarsa, shi ma ta ƙofar hawan jinin za a bi. Inda kuke ku biyu ko uku, wannan ba wurin gasa ba ne, domin in ya faɗi dukkanku za ku yi jinya.

Awon hawan jini ana yin sa a ƙaramin asibiti cikin minti biyar. Suga da PCV ana samu a babban asibiti irin na Talata Mafara ko Maradun. In likita ya ga akwai buƙatar auna sinadarin kansa, shi zai tura shi gaba, zuwa asibitin tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. In ya riga ya daɗe yana karɓar allurar, kada ya yanke da kansa ya yi shiru, domin jikinsa ya saba, zai iya shiga kasala da ƙunci na makonni ya koma mata a guje. Ya gaya wa likita gaskiya a tsara masa yadda zai bari.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar kasuwa a kansu: ciwo ko nauyi a ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, numfashi ya riƙa yankewa kwatsam, zuciya ta riƙa dukan uku-uku yana zaune, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. In kin ga ɗaya daga ciki, a nemi mota a lokacin, ba a tsaya shafa man zafi ko jiƙa saiwa ba. Kafin ku fita ki leƙa ƙarƙashin katifa da aljihun babbar rigarsa da akwatin babur, ki tattara duk kwalba da kwali da ƙullin da kika samu ki zuba a leda, ki miƙa wa likita hannu da hannu, ki kuma gaya masa ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe.